Ƙofar da Aka Bari a Cikin Abiti Imedi

Likitocin sa-kai sun yanka cikin Abiti Imedi, sun zaro bakin hanjinta sun ɗinke shi a waje, hagu da cibiya, suka ce mata bayan damina za su dawo su mayar da shi. Daminar ta wuce, wata ta zo ta wuce, ga wata can tana haɗa hadari, har yau matar nan ta gefen ciki take bayan gida, a cikin leda. Abin da aka yi mata ke nan. Mai shirin cewa ai sun ceci ranta ya riƙe maganarsa tukuna. An sani. Ita ta fi kowa sani, kuma za a zo wurin.

Sunanta na yanka Sigele, amma tun da ta yi haihuwar fari ba mai kiranta da shi, sai Abiti Imedi, wato 'yar Imedi. A Likwanya aka haife ta, cikin duwatsun nan da ke tsakanin tafki da iyakar Mozambik. A nan ta yi aure, a nan take har yanzu, kusa da ɗakin da uwarta ta rasu a ciki. Mijinta Che Twaibu, wato kamar a ce Malam Twaibu, shi ne ya ɗauko fartanyarsa da bargonsa daga nasu ƙauyen ya tare a wurinta, kamar yadda kowane namiji ke yi a wannan yankin. Shekara da shekaru yana noma gonarta, ya aurar da 'ya'ya, gemu ya yi fari, amma in ana maganar gari har gobe baƙo ne. Wanta kuwa, Che Mdoka, wanda suka sha nono ɗaya, shi ya gaji kawunsu ya zama mai gari.

Ba ta yi boko ba, allon ma sama-sama ta yi shi. Gindin murhu ne makarantarta. Tun tana budurwa manyan mata suka lura tuwonta ba ya gudaji ko da a rabin ganga aka tuƙa shi, sai suka fara sakar mata muciya, har ta kai in aka yi mutuwa a Likwanya ko a ƙauyukan kewaye, kafin a gama haƙa kabari an aika a kira ta. Sadakar uku, sadakar arba'in, biki, suna, saukar Shehe daga wani gari, duk ita ce. Shinkafa da naman akuya in masu gida na da hali, tuwon masara da busasshen ƙaramin kifin nan usipa in ba su da shi, ga kunun thobwa cike da bokitai ana ɗiba da kofi. Ba a biyanta. Zani ɗaya, ko cinyar akuya, ko godiya kawai. Abin da take samu shi ne in ta ratsa gari da muciyarta a kafaɗa, maza ma kauce mata suke yi.

Doka ɗaya gare ta a wurin rabo, kuma ba ta da sassauci: ba mai ƙari sai kowa ya samu. Tana da idon gane hannu. Ranar sadakar wani tsoho, Che Jafali mai ɗinki ya karɓi nasa ya tafi, can an jima ya zagayo ta bayan rumfa ya sake miƙo kwano.

"Che Jafali," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "wannan hannun na san shi. Ɗazu ya zo da farar hula, yanzu ya dawo ba hula."

"Haba Abiti, na ƙanena ne, yana can ya kasa tasowa."

"Ƙanen naka da muka yi sadakarsa bara? To je ka ce masa ya taso da kansa. In na gan shi har hanta zan zuba masa."

Wurin ya ɗauki dariya, ta buge masa bayan hannu da ludayi, ya tafi yana sosa ƙeya. Ko Shehe ne ba ta ƙara masa sai yaran da ke bakin zaure sun samu. Ita da masu taya ta kuwa sai an watse suke ci. Su kankare ƙanzon gindin ganga, su jiƙa shi da ragowar miya, su miƙe ƙafa a inuwa suna ci suna yi da mutanen da suka zo.

Shekarar da abin ya faru, aka yi shela a masallatai da coci-coci cewa likitoci masu tiyata kyauta sun sauka a wani ƙaramin asibitin mishan da ke bayan dutse. Wasu daga birni, wasu daga ƙetare, duk hutunsu suka sadaukar. Mutane suka yi ɗango a hanya, masu gwaiwa, masu maƙoƙo, masu ƙari a wuya da a baya, wasu a ƙafa, wasu kwance a bayan keken haya. Wanda ya riga isa shi ake gani. Turereniya ta yi yawa har shingen asibitin ya faɗi.

Abiti Imedi ba don kanta ta je ba. Gwaggonta ta raka, mai maƙoƙo. Da isarta rumfar masu jinya ta tarar mata suna faɗa a kan murhu, kowa da 'yar tukunyarta, hayaƙi kamar ana ƙona gona. Kafin azahar ta haɗe musu gari da itace wuri ɗaya, ta ari babbar tukunya, rumfar ta koma cin abinci tare. Tana wannan hidima cikinta na ɗaure, kwana da kwanaki ba ta zaga ba. Ta ce wake ne. Cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ta ƙara tamke zani ta ci gaba. Tana tsaka da tuƙi ta yanke jiki ta faɗi a gefen wuta.

Hanji ne ya murɗe, wani yanki ya mutu ya yi baƙi. Wata likita doguwa mai furfura, Baturiya, ta ajiye aikin da ke gabanta ta shiga da ita. Ta yanke inda ya mutu. Sauran ya kumbura da yawa, ba ya haɗuwa a ranar, sai ta fito da bakinsa ta gefen ciki don ya huta. Wannan shi ne ceton da ake magana, kuma ceto ne na gaskiya. Da a Likwanya abin ya same ta, da a bayan keke za ta cika kafin a sauka daga dutse. Ba wanda ya musa.

Da ta farfaɗo ta ɗaga mayafi ta ga wani abu ja wur a cikinta, kamar tumatirin da aka ɓare, cikin wata jaka da aka manna mata a fata. Ta yafito ma'aikaciyar jinya.

"'Yata, zo ki gani. Mutanen nan sun manta da wani abu a waje."

"Ba mantuwa ba ce, Mama," in ji yarinyar, tana danne dariya. "Ta nan za ki riƙa zagawa na ɗan lokaci. In cikin ya warke za su mayar, aikin ba wuya."

"Ta nan? Ta gaba? A gaban mutane?"

"Jakar ke tarewa. Na ɗan lokaci ne."

"Kira mini mai furfurar. Tambaye ta, yaushe?"

Likitar ta zo ta zauna a bakin gado, ta riƙe mata hannu. Yarinyar ta fassara: bayan damina.

"Wace daminar? Damina ai ba ta ƙarewa, kowace shekara akwai."

"Wannan mai zuwa, Mama."

Likitar ta dafa ƙirjinta ta gyaɗa kai. Abiti Imedi ta yarda. Me zai hana ta yarda? Matar da ta zaro ta daga bakin kabari ce. Ranar da za a sallame ta har ta sa Che Twaibu ya kawo kaza ya ba likitar, aka yi ta dariya ana ɗaukar hoto. Suka ba ta kwali guda cike da jakunkunan, suka naɗe tantunansu suka tafi.

Muddin jakunkunan na nan, rayuwa ta ɗan tafi. Har biki ɗaya ta yi girki ba wanda ya ji komai. Sai damina ta ɗauke, aka yi girbi, aka ƙona gonaki, kwalin ya ƙare, ba likita ba labarinsa. A ɗakin shan magani na kusa aka ce ba a taɓa kawo irin jakar ba. Che Twaibu ne ya zauna ya yi dabara: ledar sukari, tsumma a kewaye, sannan ya tsaga robar tayar keke ya ɗaure mata a ƙugu. Kowace safiya shi ke ɗaurawa.

"Tsohuwa, tsaya mana wuri ɗaya."

"Ka tamke ni kamar buhun gawayi a bayan keke, kana cewa in tsaya."

"Buhun gawayi ai ba ya surutu."

"Shi ya sa ba wanda ya aure shi. Sassauta, za ka raba ni biyu."

Suna wasan, amma fatar wurin ta saɓule ta yi ja, ruwan hanji na cin ta dare da rana kamar an zuba barkono. Kuma abin ba shi da mariƙi. Ba ya sallama, ba ya jiran a keɓe. In zai fito fitowa yake, in zai yi ƙara yi yake, ko a gaban suruki ne.

A sadakar Che Ajilu mai kanti ledar ta zame. Tana tsaye a kan rabin ganga, ta sa ƙarfi ta juya muciya, robar ta goce. Ko ɗigo bai shiga tukunya ba, a zaninta ya tsaya. Amma warin ya tashi tare da tururin tuwo, wata daga matan da ke kewaye ta ja gefen ɗankwali ta rufe hanci ta yi kamar hayaƙi ne. Patuma, matar mamacin, ta matso a hankali.

"Abiti, kin gaji. Je ki inuwa ki huta, ki riƙa faɗa mana daga can."

"Daga can? Da baki ake tuƙa tuwo?"

"Don Allah, Abiti. Baƙi sun zo daga nesa."

Ta miƙa muciyar. Ta je gida ta wanke jiki ta sake zani ta dawo, ta zauna a inuwar da aka nuna mata. Ba a zubar da tuwon ba, mu ba ma zubar da abinci. An kwashe shi an kai wa maza. Tana zaune tana kallo tire-tiren suka riƙa dawowa kamar yadda suka tafi, ko gefe ba a gutsura ba. Labari ya riga tuwon isa.

Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya faɗa mata baƙar magana. Aike kawai aka daina yi. Sai ta jiyo luguden taɓare daga wancan gefen gari ta san an yi mutuwa ko ana biki, ta zauna tana jiran a turo, har luguden ya tsaya, har hayaƙi ya tashi ya kwanta. Masallaci ma ta bari. Shehe ya aiko mata cewa sallarta ta yi, mai lalura ba ya da laifi, ta yi alwala ta zo. Ta je sau ɗaya. Ana sujada cikin ya yi ƙara, 'yan matan da ke sahun baya suka riƙa ƙyaƙyatawa cikin hijabi. Daga ranar a ɗakinta take salla.

Kada a ce sun zauna ba su nema ba. Sun sayar da akuya sun shiga mota har birni. A can aka duba aka ce lallai aikin mai yiwuwa ne, amma ba na gaggawa ba ne, tunda tana ci tana sha. Gadaje cike da waɗanda mota ta murƙushe da masu ciwon daji. A dawo wata kaza. Suka koma, aka ce mai sa barcin tiyata ba ya nan. Akuya ta ƙare.

Sai bayan damina ta biyu labari ya zo cewa likitocin za su dawo asibitin bayan dutse. Ranar Che Twaibu har rawa ya taka a tsakar gida, da tsufansa. To amma wannan karon masu tsara tafiyar sun yi wayo, wai kada shinge ya sake faɗuwa. Suka turo mutum a babur ya bi ƙauyuka yana ba kowane mai gari 'yan jajayen kwalaye, ya ce a ba waɗanda suka fi buƙata, wanda ba shi da kwali kada ya wahalar da kansa. Na Likwanya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A nan ne aka kashe ta, kuma da adalci aka kashe ta. Duk abin da ya shigo Likwanya daga waje, takin gwamnati ne, masarar agaji ce, gidan sauro ne, bai taɓa isar kowa ba, saboda haka hanya ɗaya ake raba shi: wanda ya samu wancan karon ya ja baya wannan karon. Da wannan garin yake zaune lafiya. Mai garin da ya karya ta ba ya sake ɗaga kai a taro.

Aka taru a gindin mangwaro. Che Mdoka ya jera kwalayen a kan tabarma.

"Ga abin da aka ba mu. Masu ciwo sun fi su yawa, ba sai na faɗa ba."

Ga Che Wisiki, tsohon da gwaiwa ta sauko masa har gwiwa, ya yi shekaru bai sa wando ba sai zani. Ga Dunia da 'yarta wadda wuta ta manne wa hannu da haƙarƙari. Ga wasu. Abiti Imedi na can gefe ita kaɗai, ta zaɓi inda iska ba za ta kwaso daga wurinta zuwa jama'a ba. Che Twaibu ya miƙe ya cire hula.

"Mai gari, a yi mini izini. Matata..."

"Matarka me?" Dunia ta katse shi. "Ba ita aka yi wa wancan karon ba? Ta shiga, an yi mata, har da kwalin kaya ta dawo. Mu da muka kwana a bakin shinge muka dawo hannu rabbana fa?"

"Ba a gama ba ne, Dunia. Rabi aka yi."

"Takin da aka ba ni bara ma rabin gonata ya isa. Ka ga na dawo bana na ce ba a gama ba?"

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya: "Che Twaibu, zauna, maganar 'yan gari ce. In ka matsu ka tafi ƙauyenku, can ma an ba su kwali."

Wata kuma ta ce, ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji: "Ko don ƙanwar mai gari ce?"

Che Mdoka bai ɗago ba. Yana ta gyara kwalayen da ba su karkace ba. Ya san abin da ke ƙarƙashin zanin ƙanwarsa, ya kuma san abin da za a ce da shi har ya mutu in ya miƙa mata. Ita ce ta fitar da shi.

"Yaya," ta ce daga inda take, "kada ka wahalar da kanka. Na ci nawa. A ba Che Wisiki, ko ya sa wando kafin ya mutu."

Wurin ya sake kecewa da dariya, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," in ji Che Wisiki. "Ranar da na sa, ke zan fara nuna wa."

"Nuna wa matarka. Ni na ga abin da ya ishe ni."

Babu mugu a gindin mangwaron nan. Dunia da gaskiyarta, 'yarta ba ta iya ɗaga hannu ta ɗauki tulu. Abin da aka rasa magana ɗaya ce, wadda mai babur bai zo da ita ba: duk wanda muka yanka muka bari a buɗe, ba ya cikin rabo, ya zo ranar farko. Da an faɗi haka, da Dunia da kanta za ta raka ta.

A gida Che Twaibu ya yi faɗan da bai taɓa yi ba tun da ya tare.

"Kin ɗauki ranki kin ba da kyauta don a yi dariya!"

"Ni da na yi shekaru ina buge hannun mutane, in miƙa nawa sau biyu a gabansu? Da wane idon?"

"To sai ki mutu da leda?"

"Wa ya ce? Bari a gama rabo. In kowa ya samu, abin da ya rage a gindin tukunya namu ne. Sai mu je a ƙarshe, ba wanda zai ce mun ci haƙƙinsa."

Haka ta san duniya, haka ta yi. Ta jira masu kwali suka tafi. Ta jira har aka dawo da Che Wisiki kwance a bayan keke yana nishi yana godiya. Ta tambaye shi yaushe likitocin za su tashi, ya ce jibi. Washegari ta yi wanka, Che Twaibu ya ɗaura mata sabuwar leda, suka kama hanyar dutse.

Mai gadi ya tare su. "Ina kwalinki, Mama?"

Ta ɗan ɗaga gefen riga. Ya kauce.

An riga an fara kwance tantuna. Likitan da ya gan ta saurayi ne ɗan ƙasa, idanunsa jajur don rashin barci. Ya kwance robar a hankali, ya ga fatar.

"Mama, wa ya yi miki wannan aikin?"

"Ku."

"Mu?"

"A nan ɗakin. Doguwar nan mai furfura. Tana ina? Ta ce bayan damina."

"Ta daina zuwa, tsufa ya kama ta. Tun wancan zuwan kike haka?" Ya dafe kai. "Mama, me ya hana ki zuwa ranar da muka sauka? Da da ke za mu fara!"

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Sai an wanke hanjin tukuna. In an haɗa kuma sai an sa mata ido kwanaki, domin ɗinkin hanji yakan ɓalle, in ya ɓalle ba mai buɗewa a kusa, mutuwa ce. Su kuma gobe da safe motarsu za ta tashi.

"In na yi miki yau na kashe ki. Ba zan yi ba."

"Ɗana, bari na yi kowa ya samu."

Bai gane ba, sai da Che Twaibu ya warware masa zancen kwalaye da gindin mangwaro. Likitan ya fita da sauri ya dawo da mai tsara tafiyar, wani mai tumbi riƙe da waya biyu.

"Mun ce masu gari su turo waɗanda suka fi buƙata, Dokta," in ji mutumin. "In ba su turo ta ba, ai ba mu ba ne."

"Kun ce a nemo waɗanda aka yi wa aiki wancan karon?"

"Wancan ayari daban ne. Kuma ka san masu ba mu tallafi, sababbin mutane suke tambaya."

Che Twaibu ya matso yana murza hula. "Ranka ya daɗe, to baɗi fa? In Allah ya kai mu, tun kafin ku sauka za mu zo mu kwana a ƙofa."

"Baba, baɗi arewa za mu. Ku nan kun samu sau biyu. Akwai gundumomin da ko sau ɗaya ba a je ba."

Abiti Imedi ta dube shi, ta yi wata 'yar dariya wadda ba daɗi a cikinta.

"Ashe ku ma haka kuke rabo."

Likitan ya tattaro duk jakunkunan da suka rage ya ba ta. Ya karɓi lambar wayar Che Twaibu, ya ce zai nema mata gado a inda yake aiki, in ya samu zai kira. Mai yiwuwa yana nema har yanzu, ba a ce ƙarya ya yi ba. Likwanya waya ba ta kamawa sai a kan wani falalen dutse da ke bayan maƙabarta. Duk Juma'a bayan an sauko, Che Twaibu na hawa can ya zauna da wayar a tafin hannu har rana ta yi sanyi, ya sauko.

Jakunkunan sun sake ƙarewa. An koma ledar sukari. Bakin hanjin ya fara zazzagowa, yanzu ya kai tsawon yatsa, in ta yi tari sai ta dafe shi da hannu. Ta gano cewa in ba ta ci ba abin ba ya fita da yawa, saboda haka ta rage ci. Matar da ta ciyar da ƙauyuka, yau loma kaɗan take yi da safe ta sha ruwa, wuyanta ya zama kamar na kaza. Che Wisiki ya sa wandonsa, har biyu gare shi. Hannun 'yar Dunia ya miƙe. Che Mdoka yakan zo ya zauna a ƙofar ɗakinta ya yi ta zancen ruwan sama da farashin taki, ya tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Da aka aurar da autarta Lukia bayan girbin nan, wasu matan aka kira suka yi girki a tsakar gidanta. Ita tana bayan rumbu a zaune, tana jin ƙaurin shinkafa na tashi.

To ku masu tantuna, da ku masu tsara musu tafiya, da ku da kuke can ƙetare kuna tambayar sababbin mutane, ku saurara. Ba a ce kada ku je arewa ba, su ma mutane ne, ku je. Amma wannan matar ba rabo take nema ba, ba ƙari take roƙo ba. Aikinku ne kuka fara kuka ajiye. Wadda ta yi alkawarin ta tsufa, to da sunanku ta yi shi, bai tsufa tare da ita ba. Ku turo mota Likwanya, ba kwali ba, ba saƙo ta bakin mai gari ba. Ku tambayi gidan Abiti Imedi, kowa ya sani. Ku ɗauke ta ku kai ta inda akwai gado da mai sa barci da wanda zai tsaya a kanta har ɗinkin ya kama. Kafin ku sake kafa tanti a ko'ina, ku bi sawunku ƙauye-ƙauye ku tambaya ko akwai wasu irinta, domin ba ita kaɗai kuka taɓa yankawa ba. Kuma daga yau, cikin da kuka san ba za ku dawo ku rufe ba, ku nemo wanda zai rufe tun kafin motarku ta tashi.

Ku zo ku rufe cikin matar nan tun tana da sauran ƙarfin da za ta ɗauki wuƙa.